Furoses ɗin da ya ƙi mutuwa: fashin baƙi kan sanƙarewar manhajoji a kwamfutocin da ke jone da uwar garke

Duk mai kula da ɗakin kwamfutoci masu amfani da Linux, inda fayilolin ma'aikata ko na ɗalibai ke ajiye a kan uwar garke ta hanyar NFS, wato tsarin da ke ba kwamfuta damar buɗe foldar da ke kan wata kwamfutar kamar tata ce, ya san wannan matsalar. Linzami na motsi, agogo na tafiya, sauran manhajoji na gudana lafiya ƙalau, amma guda ɗaya ta tsaya cak. A rufe ta, ta ƙi rufuwa. A aika mata `kill -9`, umarnin ya wuce babu ƙorafi, ita kuwa tana nan daram. Kafin a ankara `ls` ya maƙale, `df` ya bi sahu, wanda ya zo shiga kwamfutar da sunansa ya tsaya a bakin ƙofa. Ma'aunin nauyin aiki ya haura 30 ko 40, alhali injin bai ko ɗumama ba.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne maɓallin kashewa. Kwamfutar takan dawo daidai, amma duk shaidar da za ta nuna mai laifi ta tafi tare da wutar, kuma bayan kwana uku ko mako biyu a sake komawa gidan jiya. Furoses, wato manhajar da ke kan gudana, idan ya sanƙare haka bai lalace ba, jira yake yi. Aikin mai bincike shi ne ya gano abin da ake jira da wanda ke riƙe da shi. Kenel, wato zuciyar babbar manhajar, yana cikin waɗanda ake tuhuma, kuma yakan yi laifin da gaske, amma shi ake tuhuma a ƙarshe, bayan an wanke waya da suwic da uwar garke. Minti goma na tattara shaida kafin a kashe injin sun isa a raba gardama.

Harafi ɗaya da ke faɗin rabin labari

A fara da wannan umarnin, daga tagar da ba ta zaune cikin foldar NFS:

`ps -eo pid,stat,wchan:32,etime,comm`

An zaɓi `comm` maimakon `cmd` da gangan. Kafin `ps` ya karanto cikakken layin umarnin wani furoses sai ya leƙa ma'adanarsa, wato rabonsa na RAM, kuma idan makullin ma'adanar, wanda ke hana biyu taɓa ta lokaci guda, na hannun wanda ya sanƙare, shi ma `ps` ɗin sai ya maƙale. Haka nan a guji `df` da `lsof` tsurarsu. A yi amfani da `df -l`, a karanta `/proc/mounts` don ganin abin da ke ɗaure, wato foldojin da aka jona wa kwamfutar, idan kuma dole a taɓa foldar da ake zargi, a sa mata iyaka da `timeout -s KILL 5 stat` sannan sunan foldar.

Harafin farko a layin STAT shi ne abin dubawa. R na nufin furoses yana gudu ko yana layin samun injin sarrafawa, wato CPU. Idan ya cinye injin ɗari bisa ɗari ba ya ci gaba, to kewaye yake yi a wuri ɗaya, kuma `perf top` ne zai nuna inda yake kewayen. S barci ne na yau da kullum wanda kowane sigina ke iya katsewa. T an dakatar da shi ne, `kill -CONT` zai tashe shi. Z ya riga ya mutu, uwarsa ce, wato furoses ɗin da ya tayar da shi, ba ta karɓi sakamakonsa ba, don haka ita za a bincika. D kuwa shi ne barcin da ba a katsewa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Furoses ya shiga cikin kenel, ya ɗauki wasu makullai, yana jiran faifai ko amsar uwar garke ko wani makullin. Kenel ba zai bar sigina ya fizgo shi daga tsakiyar wannan aikin ba, domin hakan na iya barin bayanai a wargaje. Saƙon `kill -9` yana nan a rubuce, sai dai ba za a karanta shi ba sai furoses ya farka.

Wannan ne ma ya sa ma'aunin nauyi ke tashi ba tare da injin ya yi zafi ba. Tun 1993, bayan wani gyara da Matthias Urlichs ya aika, Linux ke ƙidaya masu barcin D cikin wannan ma'aunin. Furoses arba'in a D na nufin nauyi 40, ko da injin na zaman banza.

Akwai wani bambanci da ke ruɗa mutane. Daga kenel 2.6.25 na shekarar 2008, an samar da wani nau'in barci da sigina mai kisa kaɗai ke katsewa, aikin Matthew Wilcox, kuma akasarin jiran da NFS ke yi an mayar da shi irin wannan. A `ps` duka biyun D suke nunawa. Saboda haka gwajin `kill -9` kansa shaida ce: idan furoses ya mutu, amsar uwar garke yake jira kai tsaye, idan ya ƙi, yana jira ne a wani wuri mafi zurfi, kamar shafin ma'adana da ake kan rubutawa ko makullin da wani ya riƙe. Tun daga wannan kenel ɗin ne kuma zaɓin `intr` da ake sa wa a `/etc/fstab` ya daina yin komai, duk da har yau ana ta kwafarsa daga tsofaffin rubuce-rubuce.

Inda yake barcin

Da izinin root, wato asusun mai kula, `cat /proc/PID/stack`, inda PID ke nufin lambar furoses ɗin, zai nuna jerin kiraye-kirayen da suka kai furoses inda ya tsaya. Manhaja mai zare da yawa, wato rassan aiki da ke gudu tare a cikin furoses ɗaya, sai a duba kowane zare a `/proc/PID/task/*/stack`. A karanta sau uku, da tazarar daƙiƙa goma ko ashirin. Idan jerin na canzawa, abin na tafiya ne a hankali, bai tsaya ba, kuma wannan wata cuta ce daban mai maganinta daban.

Sunayen da ke saman jerin su ne manuniya. `rpc_wait_bit_killable` na nufin an aika buƙata ana jiran amsa. `nfs4_wait_clnt_recover` na nufin kwamfutar na ƙoƙarin sabunta yarjejeniyarta da uwar garke, kuma kowa na jiran ta gama. `io_schedule` tare da `wait_on_page_writeback`, ko `folio_wait_writeback` a sababbin kenel, jiran kammala rubutu ne. `balance_dirty_pages` na nufin kenel ne ya taka wa mai rubutun birki don bayanan da ba a kai faifai ba sun taru. Amma idan aka ga `rwsem_down_read_slowpath`, `rwsem_down_write_slowpath` ko `__mutex_lock`, to wannan furoses ɗin ba shi ne tushen matsalar ba. Yana layi ne a bayan wani, kuma wancan ɗin ake nema.

Don ganin layin gaba ɗaya, `echo w > /proc/sysrq-trigger` zai zuba jerin duk masu barcin D cikin `dmesg`, inda ake karanta saƙonnin kenel. Harafin `t` zai zubo na kowa da kowa, `l` kuma abin da kowane CPU ke yi a daidai lokacin. Fitowar `t` na da yawa ƙwarai, tana iya cika ma'ajin saƙonnin kenel ta ture na farko, don haka yana da kyau a riga an faɗaɗa shi da `log_buf_len=16M` a layin tayar da kenel. A kwafe komai zuwa faifan cikin kwamfutar, kamar `/var/tmp`, kada a kai shi foldar gida da ke kan uwar garken da ake zargi.

Kenel na da nasa mai gadi, `khungtaskd`, wanda ke rubuta saƙon nan sananne idan furoses ya wuce daƙiƙa 120 a D bai motsa ba: `INFO: task ... blocked for more than 120 seconds`. Abubuwa uku ake yawan kuskurewa game da shi. Ba ya ƙidaya masu barcin da ake iya kashewa, don haka NFS na iya tsayawa awa guda bai ce uffan ba. Yana yin gargaɗi sau 10 ne kawai sannan ya yi shiru, sai an mayar da `kernel.hung_task_warnings` zuwa -1. Sannan saƙon ba hukunci ba ne a kan kenel. Kwamfuta mai RAM gigabayit 64, wadda `vm.dirty_ratio` ɗinta ke kan 20 kamar yadda ya zo, tana iya tara abin da ya kusa gigabayit 12 na rubutun da bai sauka ba. A layin gigabit ɗaya, wanda da ƙyar yake wuce megabayit 110 a daƙiƙa, kwashe wannan zai ci kusan minti biyu, idan kuma layin megabit 100 ne ya haura kwata na awa. A duba `Dirty` da `Writeback` a `/proc/meminfo`. Idan lambobin na sauka, ruwa na gudu, a rage iyakar da `vm.dirty_bytes` a bar kenel ya sarara.

A wanke hanya da uwar garke tukuna

NFS da aka ɗaura da zaɓin `hard`, wanda shi ne na asali, an gina shi ne ya yi ta jira har abada. A kan TCP, `timeo=600` na nufin daƙiƙa 60, `retrans=2` kuma yawan sake gwadawa kafin a rubuta `nfs: server ... not responding, still trying`. Wannan ɗabi'a ce da aka tsara don kada bayanai su salwanta, ba kuskure ba ne. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa, abin da ya fi faruwa shi ne uwar garke ko suwic ɗin da ke tsakani ya mutu, kwamfutocin da ke kan inbata ko batir su ci gaba da rayuwa suna jira. Ko bayan uwar garken ta dawo, NFSv4 na ba da lokacin rangwame, daƙiƙa 90 a uwar garken Linux idan ba a canza ba, wanda a cikinsa tsofaffin masu riƙe da fayil ne kawai ke karɓo haƙƙinsu, sabon buɗe fayil kuwa sai ya jira. Wanda ya kashe kwamfuta a daƙiƙa ta sittin ya kashe abin da ke gab da warkewa.

Tambaya ta farko ita ce kwamfuta nawa abin ya shafa. Idan duka ne a lokaci guda, a nufi uwar garke. A can a duba ko zaren `nfsd` sun shiga D su ma. An daɗe ana tayar da su guda 8 kacal, kuma faifai ɗaya mai ciwo ya isa ya haɗiye su duka, ɗakin gaba ɗaya ya tsaya. Adadinsu na `/proc/fs/nfsd/threads`, lafiyar faifan kuma `smartctl -a` da `dmesg` na uwar garken za su faɗa.

Idan kwamfuta ɗaya ce ko kaɗan, a duba igiyar da ke tsakaninsu da `ss -tino 'dport = :2049'`. Send-Q, wato layin bayanan da ke jiran isa, da ya cika ya ƙi raguwa, tare da `retrans` da `backoff` masu hauhawa, alama ce ta fakitin da ke fita ba ya isa. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Na ɗaya saɓanin girman fakiti: an sa MTU, wato iyakar girman fakiti, a kan 9000 a kwamfuta da uwar garke, amma wani suwic a tsakiya yana kan 1500. Ɗaurawa za ta yi, ƙananan fayiloli za su buɗu, babban fayil kuwa ya tsaya. Gwajinsa `ping -M do -s 8972` zuwa uwar garken, ko 1472 idan MTU 1500 ne, domin bayit 28 na kan fakitin ne. Na biyu katangar tsaro da ke mance haɗin da ya daɗe shiru, ta riƙa zubar da fakitinsa ba tare da ta sanar da kowa ba, abin da ke sa matsalar bayyana da safe ko bayan hutun azahar. Na uku katin sadarwar kansa. Saƙon `Detected Hardware Unit Hang` daga direban `e1000e` sananne ne, kuma gwajin da aka saba shi ne kashe ɗaukar nauyin yanka fakiti da `ethtool -K eth0 tso off gso off` a ga ko abin zai daina.

Akwai kuma wata matsala ta musamman ga ɗakunan da aka kwafi faifai ɗaya aka zuba wa kwamfutoci talatin. NFSv4 na gane kowace kwamfuta ne da wata shaida da Linux ke ginawa daga sunanta. Idan biyu suna amsa suna ɗaya, musamman `localhost.localdomain`, uwar garke na iya ɗaukar zuwan ta biyu a matsayin ta farko ce ta sake tashi, sai ta soke makullan ta farkon. Ita ma ta dawo ta soke na ta biyun, su yi ta kai da komo. A ba kowace sunanta, ko a sa mata `nfs.nfs4_unique_id` nata na daban. Wannan ya sha sa a ɗora wa kenel laifin da ba nasa ba.

Alƙalin da ke raba gardama shi ne ɗaukar zirga-zirgar kanta, a ɓangarorin biyu in da hali:

`tcpdump -i eth0 -s 512 -w /var/tmp/nfs.pcap port 2049`

A bar shi minti uku zuwa biyar, don ya ƙetare zagayen daƙiƙa 60 fiye da sau ɗaya, sannan a buɗe da Wireshark. Idan buƙata ta fita, TCP na ta maimaita ta babu amsa, laifin hanya ne. Idan TCP na uwar garke ya amsa cewa ya karɓa amma amsar NFS ba ta zo ba, laifin uwar garke ne. Idan ana ta maimaita buƙata ɗaya sau dubbai ana dawo da `NFS4ERR_BAD_STATEID` ko `NFS4ERR_DELAY`, ɓangarorin biyu sun kasa daidaita yarjejeniyarsu, kuma kuskuren na iya zama a kowane gefe. Amma idan amsa ta iso lafiya furoses bai farka ba, ko kuma haɗin na lafiya, `/sys/kernel/debug/sunrpc/rpc_clnt/*/tasks` na nuna buƙatu a jibge, amma ko fakiti ɗaya ba ya fita, to yanzu an sami hujjar duban kenel na kwamfutar.

Lokacin da laifin na kenel ne

Abu na farko a koma baya cikin `journalctl -k`, a wuce saƙonnin sanƙarewar duka, a nemo saƙon ɓarna na farko: `Oops`, `BUG:`, `general protection fault` ko `WARNING:`. Sau da yawa yana can awanni kafin kowa ya lura da komai. Idan wani zare ya yi tuntuɓe a cikin kenel, kenel na kashe shi ya ci gaba da tafiya, amma ba ya ƙwato makullan da ke hannunsa. Kamar mai riƙe da makullin sito ne ya faɗi ya suma da makullin a aljihu: duk wanda ya zo ɗibar kaya zai tsaya a ƙofa, kuma layin ne za a fara gani kafin a ga wanda ya faɗi. Wannan shi ne nau'i na farko, ba ya warkewa sai an sake tayar da injin, kuma saƙon farkon nan shi ne abin kai ƙara.

A duba `/proc/sys/kernel/tainted` ma. Sifili na nufin kenel tsarkakakke ne. Idan ba sifili ba ne, ƙila an loda direban da ba na cikin gida ba, kamar na katin hoto ko na manhajar tsaro. Manhajojin kariya daga cutar kwamfuta da ke tare kowane buɗe fayil ta hanyar `fanotify` na iya tsayar da inji gaba ɗaya idan su kansu suka maƙale, kuma sunan `fanotify` zai fito ɓaro-ɓaro a jerin kiran. A cire su a sake gwadawa kafin a ce komai a kan kenel.

Nau'i na biyu shi ne cirko-cirko: zare na ɗaya ya riƙe makulli A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A. Babu saƙon ɓarna, babu fakitin da ya ɓace. Ana gano shi ne ta bin layi daga mai jira zuwa mai riƙewa har a dawo inda aka faro.

Nau'i na uku ya fi wuyar kamawa, shi ne farkarwar da ta ɓace, kuma akwai misalinsa na gaske da ya cancanci a tsaya a kai. A kenel 3.14 an shigar da wani gyara don hanzarta `futex`, abin da makullan zare na manhajoji irin su Java ke dogara da shi. Dabarar ita ce, mai sakin makulli ya fara duba ko akwai mai jira. Idan babu, ya wuce abinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan na buƙatar shingen da ke tilasta wa injin ya kammala rubutu kafin ya yi karatu, kuma an bar wannan shingen a baya ga makullan da ke cikin furoses ɗaya. Sakamakon haka, a wani ɗan ƙanƙanin lokaci, mai saki na iya ganin babu kowa alhali wani na kan kwanciya, sai ya tafi bai tashe shi ba. Makulli a buɗe, mai jira na barci har abada. Catalin Marinas ya gyara shi, gyaran ya shiga 3.18, amma kafin nan kuskuren ya riga ya bi gyare-gyaren da aka mayar baya zuwa RHEL 6.6, wato Linux ɗin kamfanin Red Hat, da CentOS 6.6, waɗanda lambar kenel ɗinsu 2.6.32-504 ce. A 2015 Gil Tene ya ja hankalin jama'a kansa bayan an ga yana addabar injina masu Haswell na Intel, kuma maganin ya zo a 2.6.32-504.16.2.

Darussa biyu ke cikin wannan. Na farko, furoses ɗin a S yake, ba a D ba, yana kwance a `futex_wait_queue_me`, don haka mai gadin daƙiƙa 120 bai taɓa ganinsa ba. Kuma da an jona masa `strace` ko `gdb`, ko an aika masa `kill -STOP` sannan `kill -CONT`, sai ya farka ya ci gaba kamar ba a yi ba, domin katsewar na sa ya sake duba makullin ya tarar a buɗe. Duk furoses ɗin da leƙawa kawai ke warkar da shi, a zargi ɓatacciyar farkarwa. Darasi na biyu, lambar kenel ta kamfanonin rarrabawa ba ta faɗin abin da ke ciki. Wanda ya ce kenel ɗinsa 2.6.32 ne don haka kuskuren 3.14 bai shafe shi ba, ya yi kuskure. Cikakkiyar lambar `uname -r` da `rpm -q --changelog kernel` ne abin dogaro.

Sai kuma kurakuran da ke bin agogo. Idan kwamfutocin da aka kunna rana ɗaya suka fara faɗuwa a mako ɗaya, a duba `uptime`. Wasu kenel na zuriyar 2.6.32 sun yi fama da ambaliyar lissafin lokaci bayan kwana 208.5. Windows 95 da 98 kan tsaya bayan kwana 49.7, lokacin da ma'aunin milisakan mai bit 32 ke cika. Windows Vista da 7 da Server 2008 kan daina sakin ƙofofin TCP da aka gama da su bayan kwana 497, har sabon haɗi ya gagara. Daƙiƙar da aka ƙara wa agogon duniya a daren 30 ga Yunin 2012 ta rikita ma'aunin lokaci na kenel ɗin Linux, Java da MySQL suka riƙa cinye injin, kuma abin da ya kwantar da su shi ne sake saita agogo da `date -s "$(date)"`.

Hoton ma'adana da tabbatar da zargi

Cirko-cirko ba ya bayyana sosai sai an ɗauki hoton ma'adanar kenel gaba ɗaya. Wannan shiri ne da ake yi tun kafin matsala: a girka `kdump`, a ware masa wuri da `crashkernel=`, a sa ya ajiye a `/var/crash` na faifan ciki, a kuma gwada shi sau ɗaya a ranar da babu aiki, domin `kdump` da ba a gwada ba yakan ba da kunya ranar buƙata. Idan abin ya faru, maimakon maɓallin kashewa sai a yi `echo c > /proc/sysrq-trigger`. Kwamfutar za ta sake tashi kamar yadda ake so, amma ta bar shaida. Ana iya sa `kernel.hung_task_panic=1` don hakan ya faru da kansa, sai dai a kwamfutar gwaji kawai, tunda jinkirin rubutu na yau da kullum ma na iya tayar da shi a tsakiyar aikin mutum.

Ana buɗe hoton da manhajar `crash` tare da fakitin alamomin kenel mai lamba iri ɗaya sak. `foreach UN bt` zai jero masu barcin D, `ps -m` kuma ya nuna tsawon lokacin da kowanne ya yi bai motsa ba. Wanda ya fi daɗewa shi ne ya fi kusa da tushen. Daga adireshin makullin ake karanto mai riƙe da shi, a duba nasa jerin, a ci gaba da bi.

Zargi ba ya zama tabbas sai an gwada. A ɗauki kwamfutoci masu kayan ciki iri ɗaya, rabi a tsohon kenel daga jerin GRUB da ke fitowa lokacin kunnawa, rabi a sabo, kada a canza komai bayan wannan. Idan ana zargin yarjejeniyar NFS, a gwada `vers=4.1` ko `vers=3` a wani rukunin, ko a kashe ba da wakilcin fayil a uwar garke da `fs.leases-enable=0` kafin a tayar da `nfsd`. Canji ɗaya a lokaci ɗaya. Tsawon gwajin kuma ya ninka tazarar da matsalar ta saba yi aƙalla sau uku. Abin da ke zuwa mako-mako ba a cewa ya warke don an yi kwana huɗu lafiya. Wanda ke iya tayar da matsalar da gangan, `git bisect` zai kai shi ga ainihin canjin da ya jawo ta cikin gwaji kusan 14 tsakanin fitowar kenel ɗaya da mai bi mata.

A Windows tunanin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. Furoses ba ya mutuwa muddin yana da buƙatar da direba bai sake ta ba. A shafin Details na Task Manager akwai Analyze wait chain mai nuna wa ke jiran wa, Process Explorer na nuna jerin kiran kowane zare, `fltmc filters` na jero direbobin da ke tsaye tsakanin manhaja da fayil, kuma SMB, takwaran NFS a Windows, kan haƙura da uwar garke bayan daƙiƙa 60 idan ba a canza `SessTimeout` ba. Saitin `CrashOnCtrlScroll` shi ne takwaran harafin `c`, a buɗe hoton da WinDbg a yi `!locks` da `!process 0 7`.

Bayan an kwashe shaida, sai ceto kwamfutar. Idan uwar garke za ta dawo, jira ya fi komai, domin rubutun da ke ma'adana zai sauka lafiya. Idan ba za ta dawo ba, a kashe abin da zai iya mutuwa da `kill -9`, a gwada `umount -f`, wani lokaci sau biyu ko uku. `umount -l` na ɓoye foldar ne kawai don sababbin furoses su daina faɗawa ramin, waɗanda ke ciki suna nan. Jarabar mayar da komai `soft` tana da ƙarfi, amma ga foldar da ake rubutu a ciki shawara ce marar kyau: manhaja za ta sami kuskuren rubutu a tsakiyar aiki, kuma da yawansu ba sa dubawa, sai fayil ya lalace shiru. A bar `soft` ga foldar karatu kaɗai. Abin da ya fi amfani shi ne `autofs` ko `x-systemd.automount` don kada folda ta zauna a ɗaure ba a buƙatarta, cire foldar NFS daga `PATH`, ajiye asusun mai kula guda ɗaya wanda gidansa ke faifan ciki, da sa uwar garke da kowane suwic da ke kan hanya a UPS ɗin da ya fi na kwamfutocin daɗewa.

Idan an tabbatar kenel ne, a tsayar da ɗakin a kan lambar da ke lafiya da `dnf versionlock` ko `apt-mark hold`, amma na ɗan lokaci, tunda gyaran tsaro ma ta wannan ƙofar yake shigowa. Rahoton da za a aika wa masu rarraba Linux ɗin ya ƙunshi `uname -r` na kwamfuta da na uwar garke, layin ɗaurawa daga `/proc/mounts`, lambar `tainted`, `dmesg` tun daga tashin injin ba guntu ba, fitowar harafin `w`, fayil ɗin `tcpdump`, da lambar kenel ta ƙarshe da ba ta nuna matsalar ba. Hoton ma'adana kuwa yana ɗauke da duk abin da ke RAM a lokacin, har da kalmomin sirri da takardun mutane, don haka ta hanyar sirri ta masu gyaran kawai ake miƙa shi.